Tambayi Anti: Zan bi maigida Ingila, me zan zuba a akwati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Wata biyar kenan da bikina, maigidan yana aikin asibiti a Manchester, yanzu Allah ya yi biza ta fito, ƙarshen Oktoba zan tafi in sha Allah. Damuwata kaya. Akwati biyu aka ba ni a tikiti kilo 23 kowanne, ni kuma jerena sai da mota biyu ta kwashe shi. Mama tace lallai in tafi da katon na Omo da sabulun wanka da makilin na shekara guda wai can komai da tsada, ta sa an yi min kilishi da dambun nama da man shanu, Gwaggo kuma ta haɗo min turaren wuta daga Maiduguri har da gawayinsa. Shi kuma duk sanda na tambaye shi sai yace ke dai ki taho akwai komai, mutumin da ko sunan man da nake shafawa bai sani ba. Me zan ɗauka me zan bari? Ƙanwarki daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya ya kuma kai ki lafiya. Sai da na yi dariya da na zo kan "ke dai ki taho akwai komai", wallahi duk bakinsu ɗaya, nawa ma haka ya ce min, na je na tarar da cokali biyu da tukunya ɗaya da buta wadda ya yanko daga robar madara. Amma dai shi da Mama kowa ya faɗi rabin gaskiya ne, bari mu zauna mu raba.

Fara sauke katon ɗin Omo ɗin nan ki ba Mama abinta cikin ladabi. Kamfanin da ke yin Omo, wato Unilever, shi ne dai yake yin Persil a can, suna ne kawai ya canza, kuma ma wanki da inji za ki dinga yi, garin sabulunmu na wankin hannu kumfa gare shi sosai in kika zuba shi a inji sai kin ga kumfa tana fitowa ta bakin ƙofa. Sabulun wanka kuma abin dariya, garin da za ki ɗin nan Manchester a nan hedikwatar PZ Cussons take, masu Imperial Leather da Robb da Morning Fresh, kinga in kika ɗauki Imperial Leather daga Sabon Gari kin mayar musu da kayansu gida ne kuma a cikin kilo 46 ɗinki. Dettol ma asalinsa na can ne. Vaseline, Nivea, Dove, Colgate, Always, Pampers in Allah ya kawo rabo, duk suna nan a jere. Abin da kike wanke banɗaki da shi kamar Hypo ko Jik ki nemi Domestos, na wanke-wanke ki nemi Fairy, Robb in ya ƙare ki ɗauki Vicks. Panadol kuma ki daina neman sunan, ki ce paracetamol, kwali ɗaya mai ƙwaya 16 bai kai fam ɗaya ba, sai dai kwali biyu kawai za su sayar miki a lokaci guda, kar ki ɗauka wulaƙanci mai kanti ya yi miki, kowa haka ake masa. Abin da za ki ɗauka a wannan ɓangaren na sati biyu ne kawai, sabulu ɗaya makilin ɗaya audugar mata fakiti ɗaya, kafin ki gane hanya.

Maganar tsada kuwa, in kina juya fam zuwa naira a kanki ko ruwa ba za ki sha ba. Ki dai san inda ake zuwa. Boots da Superdrug suna da komai amma Savers da Home Bargains da B&M da Poundland sun fi sauƙi, Aldi da Lidl kuma suna da nasu sabulan da ba ki taɓa jin sunansu ba amma aikinsu ɗaya. Ki riƙa fita da jakarki don ledar ma sayarwa suke.

Toh yanzu ga inda maigidanki bai sani ba. Akwai abubuwan da duk girman babban kantin nan nasu Tesco ba za ki gansu ba, kuma su ne ƙananan da ba a lissafawa. Na farko soson wanka, irin namu na raga mai tsawo da kike kamawa ta baya ki dirje gadon bayanki. Nasu wani tattausan abu ne kamar fure, ki yi wanka sau uku da shi ki fito kina jin kamar shafa ki aka yi. Ki sayi guda shida ko goma, ba su da nauyi, kuma duk wadda kika ba ɗaya a can kin yi ƙawa. Sai man kaɗe mai kyau da sabulun salo in kina amfani da shi, ana samunsu a shagunan 'yan Afirka amma ɗan ƙaramin kwano kuɗin babba. Kuma za ki buƙaci man kaɗen nan fiye da yadda kike zato, ƙarshen Oktoba bakin sanyi za ki shiga, ga hita a ɗaki tana busar da fata, ƙafa ta yi faso leɓe ya tsage kamar hunturun Zariya amma na wata biyar. Sa'arki ɗaya ruwan Manchester mai laushi ne, daga tafkunan Lake District ake jawo shi, waɗanda ke Landan su ne ke kuka da ruwa mai tauri wanda ke barin farin abu a butar shayi yana karya gashi.

Buta. Ki sa ɗaya a akwati ki cusa safa da ɗankwali a cikinta don kar ta ci wuri, saboda daren farko za ki neme ta kuma banɗakinsu ba abin da ke ciki sai takarda. Bayan nan ba sai an aiko miki daga gida ba, ki je shagon 'yan Pakistan a Longsight ko Cheetham Hill ko Rusholme ki ce lota, za su nuna miki kala-kala. Wannan shi ne sirrin da na yi kusan shekara ban gano ba, ina ta yawo a manyan kantuna ina neman abinmu da sunanmu alhali yana can a shagon Bapakistane da wani suna. Gero su bajra suke ce masa, har garinsa suna sayarwa, da shi nake kunu nake fura. Dawa jowar. Tsamiya imli. Lalle mehndi. Man shanu ghee, ƙamshinsa bai kai namu ba gaskiya amma in kika soya shi da albasa yana rufa asiri. Zoɓo in shagon 'yan Jamaika ne ki ce sorrel in na Larabawa ko 'yan Sudan ne ki ce karkade. Asuwaki da dardumar sallah da hijabi suna kantunan littattafan addini. Citta, kanumfari, masoro, duk suna nan cikin manyan ledoji har sun fi na gida tsabta. Manja da garin kwaki da Maggi mai tauraro da Indomie da attaruhu da tsintsiyar kwakwa kuma ki ce ya kai ki Moston Lane, layin kamar an yanko shi daga Legas.

Tunda muna banɗaki bari in faɗa miki wannan kar ki yi irin tawa. Banɗakinsu ba shi da magudana a ƙasa, wani tsohon gida ma kafet ne a shimfiɗe a ciki, kuma ƙasan katako ne. Ni kuwa na saba, na ja bokitina tsakiyar banɗaki na sheƙa wanka na kuma yi alwala a wajen, ban gama shafa mai ba sai ga bugun ƙofa, tsohuwar da ke ƙasanmu ce ruwa yana ɗiga mata ta wajen ƙwan fitila. In wankan bokiti kike so ba wanda ya hana ki, ki sa bokitin cikin bahon ki shiga ki ja labule. Alwala ma haka.

Sai turare, nan ne zan ce ki kashe kilo ba tausayi. Abin da Gwaggo ta haɗo miki daga Maiduguri ba kantin da zai sayar miki da irinsa. Akwai bakhur a shagunan Larabawa, Somaliyawa na Moss Side suna da nasu uunsi, 'yan Sudan suna da humra da dilka masu kyau, amma hannun mutanen Barno daban ne kuma in kin samu mai kawowa daga gida kuɗin sai kin riƙe baki. Ki ɗaure bakin kowace kwalba da leda da salatif ki naɗe ta cikin zani, ki sa a babban akwati, don a jakar hannu ba a wuce mililita 100. A babban akwatin ma akwai ƙa'ida kan turare da makamantansa, kowace kwalba kar ta wuce rabin lita, duka gaba ɗaya kar su wuce lita 2. Gawayin kuma ki bar shi a Zariya, musamman mai kamawa da kansa ɗin nan, kamfanonin jirgi cikin kaya masu haɗari suke lissafa shi, kuma yana nan a kowane shagon Larabawa.

Amma fa kunna turaren shi ne labarin. Doka ce a Ingila kowane gidan haya a sa na'urar jin hayaƙi a kowane hawa, kuma a manyan gidaje masu ɗakuna da yawa a haɗe suke, in ta ɗakinki ta yi kuka ta kowa sai ta yi. Satina na farko, ranar wata Juma'a da daddare, nace bari in turara gida kafin maigida ya dawo ya san ya ajiye mace, na zuba garwashi a kasko na bi ɗaki-ɗaki kamar yadda nake yi a gida, windo a rufe saboda sanyi. Ƙanwata ƙarar da abin nan ya yi sai da na yar da kaskon. Na leƙa waje na ga mutanen gidan gaba ɗaya sun sauko suna tsaye a titi cikin kayan barci, wata rungume da kyanwarta, ni kuma ga ni da zani ɗaurin ƙirji da hijabi ina ƙamshin sandal, ban ma san da wane Turanci zan fara bayani ba. Tun daga ranar na koma kaskon lantarki, ɗan kaɗan nake zubawa, in rufe ƙofar ɗakin in ɗan buɗe windo, kaya kuma in turara su a kabbasa in lulluɓe da bargo. Kaskon lantarkin ki taho da naki, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku wutar ma ɗaya ce, duk abin da ke aiki a Zariya zai yi aiki a Manchester. Ki sa maigida ya duba takardar hayar don wasu masu gidan sun hana kunna kyandir da turare gaba ɗaya. Kuma dan Allah duk wadda ta ce ki cire batirin na'urar ko ki ɗaura mata safa kar ki biye mata, gidajen katako ne. Gawayi don jin ɗumi a rufaffen ɗaki kuwa ko da wasa, shiru yake kashe mutum.

Kicin. Muciya guda biyu, maburgi, rariya mai laushi, ludayin miya da kika saba da shi, kula ɗaya ko biyu daga cikin na jere don ranar da za ki kai wa wani abinci. Muciyar nan kar ki raina ta, cokalin katakonsu siriri ne, na karya uku a tuwon shinkafa kafin aka kawo min ta gida. Turmi ki haƙura, ga nauyi ga tsohuwar da ke zaune a ƙasanki. Tukwane kuma ki tambaye shi wane irin murhu ne a gidan kafin ki ɗauka, in mai gilashin nan ne da ake kira induction tukunyarmu ta dalma ko ɗumi ba za ta yi a kai ba, sai wadda maganaɗisu ke kama gindinta. Saitin tangaran da na gilas da aka jera miki a kabet ki kulle su a ɗakin Mama, IKEA da Argos da Asda suna da faranti, kuma akwai shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a kowace unguwa inda Turawa ke kai kayansu masu kyau. Zannuwan gado ma kar ki kwasa, naki na shida da shida ne, gadon mutum biyu na gidan haya a can faɗinsa ƙafa huɗu da rabi ne, kuma su bargo mai riga suke rufa da shi, ki sayi mai lamba 13.5 a jiki shi ne na sanyi.

Kayan miya ki cika rabin akwati: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, kanwa, kimba, yajinki na gida, busasshen zogale. Kowanne a leda mai haske ki rubuta sunansa da Turanci a jiki, don ma'aikacin kwastan in ya ga koren gari ba suna sai kin yi dogon bayani. Daddawa ki ninka mata leda uku ki sa a roba mai murfi ki nesanta ta da kayan sawa, akwai leshina guda da har yau in na fito da shi sai na ji kamar za a kaɗa miya. Wake kar ki ɗauka, tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa, lokacin Ingila tana cikinta, kuma farin wake yana nan a kowane kanti.

Yanzu maganar da Mama ba za ta so ba. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk abin da yake nama ne ko madara, an hana shiga da shi Birtaniya daga ƙasashenmu, ko busasshe ne ko soyayye ko an like shi da inji. Suna da karnuka masu shinshina akwati, in an gani za a karɓe a lalata, kina iya shan tara a kai, kuma ba kya so shigarki ta farko ƙasa a rubuta sunanki kan dambu. Na san za ki ji wata tace ai ni na wuce da shi sau biyar, toh ita ta wuce. Ni a gabana aka zazzage wa wata baiwar Allah kilishi mai yawa a kwandon shara tana hawaye tana cewa na surukinta ne. Abin da aka yarda da shi busasshen kifi har kilo 20, zuma kuma kilo 2. Ki tara ƙannenki ku cinye kilishin a tsakar gida, kazar amare ma in an dafa miki nama ce, ki gama da ita kafin ki hau mota.

Man bilicin in kina taɓawa, ban ce kina yi ba, ki sani duk mai hydroquinone ko mercury haramun ne a sayar da shi a can kuma ana kamawa. Kwalli na dutse ma ki yi hankali, da yawansa akwai dalma a ciki, gubar nan da ta kashe yara a Zamfara a 2010, kar ki sa wa jariri. In akwai maganin da likita ya ɗora ki a kai ki tafi da shi cikin kwalinsa da takardar likitan, don su ba a shiga kemis a ce a ba ni Amoxil. Abin da za ki saya da kin sauka shi ne bitamin D, hukumar lafiyarsu NHS tana ba masu baƙar fata da masu rufe jiki shawarar shan microgram 10 kullum duk shekara, mu kuwa mun haɗa biyun, kuma maigidanki ma'aikacin asibiti ne ya sani.

Ragowar kilon ki zuba ɗinkakkun kaya, atamfa da leshi da mayafai da hijabai, don tela a can sai wane da wane, mai kitso ma haka, ki yi ƙananan kitso da zai kai ki wata guda kafin ki tashi. Rigar sanyi guda ɗaya ki riƙe a hannu ta sauka daga jirgi, ta gasken ki saya a can.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗalibi ne zan tafi Amurka karatu, ina da kilifa ta aski da dutsen guga da hita ta ruwan zafi duk sababbi, abokina yace in bar su wai ba za su yi aiki ba. Gaskiya ne ko so yake in bar masa? Ɗanki daga Katsina.

AMSA: Ɗana abokinka ya faɗi gaskiya, ko da kuwa yana da nufin gadonsu. Wutarmu 230 ce tasu 120, soket ɗin ma daban ne mai siraran baki biyu. Dutsen gugarka in ka samu ka jona shi ɗumi kawai zai yi, hitar ma haka. Ka juya bayan kowane abu ka karanta, in ka ga an rubuta 100-240V kamar cajar waya da ta kwamfuta to kan soket kawai za ka canza, in 220-240V ne kaɗai ka bar wa abokinka ya yi maka addu'a. Kilifar in mai caji ce ka duba cajarta, kuma ka koyi yi wa kanka aski tun yanzu don kuɗin aski ɗaya a can zai saya maka sabuwar kilifa a Walmart. Panadol a can Tylenol ne ko acetaminophen, in ka ce paracetamol kallonka za su yi. Dettol da wuya ka gan shi a manyan kantuna, Lysol suke da shi kuma kamfaninsu ɗaya. Buta ka tafi da ita, soso ma haka. Huluna ka kai a wanke maka su duka a ɗora a kan gungume kafin ka tafi, ka jera su cikin juna a roba mai murfi, don ba mai wankin hula a inda za ka, shadda kuma kala biyu ta Juma'a da Sallah ta isa tunda ba mai bugu. Duk abincin da ke akwatinka ka faɗa musu da bakinka a filin jirgi ko yaji ne, in ka faɗa iyakaci su karɓe wanda bai halatta ba, in ka ɓoye suka gani tara ce, kilishi kuwa kar ma ka fara. Ba ka faɗi jihar da za ka ba, in New York ce ka nemi Bronx akwai Hausawan Gana da na Nijar da masallatansu da shagunansu, in North Carolina ce mutanen Nijar sun cika Greensboro, a can za ka ji ana ciniki da Hausa da Zabarmanci.

TAMBAYA: Anti tunda aka ji zan yi tafiya mutane suke ta kawo saƙo in kai wa 'yan uwansu, har da wanda aka naɗe da salatif aka ce kar in buɗe. Ina jin nauyin in ƙi. Wata 'yarki daga Maraɗi.

AMSA: 'Yata duk abin da ke cikin akwatinki a filin jirgi naki ne, ba a tambayar wa ya ba ki. Ki buɗe kowane ƙulli a gaban mai shi, ki ce dokar jirgi ce, wanda ya ce kar a buɗe ki miƙa masa abinsa a nan take ko da kuwa yayar babanki ce. Ƙwayoyin magani da ba kwali ba takarda kar ki karɓa ko na waye, irin su tramadol ɗauri ake yi a kansu a ƙasashe da yawa. In kunya ce ta hana ki, ki ɗora sikeli a tsakar gida ki auna akwatin a gabansu, in ya nuna 23 sai ki ce Inna ga shi kin gani da idonki, ko dai in cire kukata in sa naki.